Tsohuwar Fijo a Hannun Sabon Ubangida: A Maido Ta Asalinta Ko a Yi Mata Sabuwar Zuciya?

Ranar da na biya kuɗin motar nan, ba da ƙafarta ta bar gidan da take ba. Da igiya muka ja ta daga wata unguwa a Bukuru har garejin da nake kai gyara a Jos, ƙanena yana riƙe da sitiyari, ni kuma ina gaba cikin a-kori-kurar da ke janta, ina ta waiwaye. Fijo ce 504, doguwar nan mai layin kujeru uku da muke kira wagon. Fara ce a da, amma rana da ruwa sun mai da ita launin tsohon haƙori. Mai ita ya rasu, ta shekara shida a gindin mangwaro, har magada suka gaji da ganinta. Tayoyinta huɗu duk sun zauna, sai aro muka yi. Da na buɗe ƙofar baya, warin roba da ƙura da tsohon fetur ya tarbe ni, irin wanda duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Jos zuwa Kano shekara talatin da suka wuce ba zai manta ba.

Ba don haya na saye ta ba. Na daɗe ina son motar da zan kwantar da kujerunta na baya in shimfiɗa katifa, in ɗora risho da tukunya da jarkar ruwa, in kwashi iyali mu nufi Yankari ko Kura Falls, mu kwana a cikinta a harabar masauki ko a ƙofar gidan ɗan'uwa, tunda zamanin kwana a bakin hanya ya wuce. A Amurka masu irin wannan sha'awa ɗaki guda suke saye mai taya, mota tana jansa. Wanda ya fi suna shi ne Airstream, mai jikin alminiyam mai ƙyalli, wanda Wally Byam ya fara ƙerawa a shekarun 1930. A 1959 ma ya jagoranci ayarin irin waɗannan ɗakuna 41, suka taso daga Cape Town suka ratsa Afirka har Alƙahira. Masu sayen tsofaffinsu a yau sun rabu gida biyu. Akwai masu neman ko da marfin durowa irin na ainihi, akwai kuma masu yashe cikin ɗakin kaf su zuba kayan zamani. Wannan gardamar ce na tarar tana jirana a gareji, sai dai da Hausa aka yi ta, a kan benci, ana shan shayi.

Mai garejin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. A kan Fijo ya koyi aiki, tun lokacin da in ka shiga tashar Bauchi Road ba abin da za ka gani a layin Kano da Maiduguri sai wagon. Da muka iso bai fara da buɗe bonet ba. Ƙofar direba ya buɗe, ya yaye kafet, ya ɗauki sukudireba yana caccakar ƙasan motar, yana saurare. Sai da ya gama da kusurwa huɗu sannan ya zagayo gaba, ya kwance fulogai, ya ɗiga baƙin mai a ramukansu, ya sa sufana a gindin injin ya murɗa a hankali. Injin ya juya. Ya miƙe yana goge hannu da tsumma ya ce, “Malam, motar nan ba mutuwa ta yi ba, barci take yi. Kada ka bari kowa ya cire mata injin.”

Ƙanena bai bari ya rufe baki ba. Shi direba ne, ya yi shekaru yana jan Sharon tsakanin Jos da Abuja, kuma ya san abin da fetur yake yi wa aljihu. Ya ce, “Baba, a yi mini afuwa, amma ni ban yarda ba. Yaya, ka sauke wannan injin ka ba 'yan gwangwan, a ɗora maka na Toyota na Beljiyam mai injekta. Ka murɗa makulli da asuba ta tashi, ka je inda za ka ka dawo. Mota ka saya ko ɗawainiya?”

Wata uku muka yi muna wannan magana, kuma kowannensu yana da abin faɗa.

Hujjar Baba ta farko ita ce motar da kanta. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, shekara ta zagayo aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai. A 1975 ta ci tseren Safari na Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyin da suka fi namu muni. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, da farko ma ta jirgin sama ake kawo sassan daga Lyon a sauke a Kano. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mai da ita motar jami'anta. Faransa ta daina yin ƙirar a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har wajajen 2006. Wato an shafe kusan shekara talatin ana koyon wannan inji ɗaya a kowane gareji daga Legas zuwa Gaidam. Baba ya ce wannan ita ce dukiyar da na saya, ko da ban gan ta a rasit ba: ko a ina motar ta tsaya, in dai akwai makaniki mai furfura a garin, to ya san cikinta kamar yunwar cikinsa.

Sannan ya nuna mini abin da ya sa injin yake daɗewa. Ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin injin aka huda su ba. Silif ne ake zurawa a zare. In sun cinye, a zare su a zura sababbi da fistin da zobe, injin ya koma kamar jiya aka yi shi, ba sai an kai shi wurin masu gundura ba. Wuta kuwa kwayil ne da kwantak da distiributa, abin da mutum zai iya dubawa da ido ya gyara da ɗan sandar sukudireba da takardar yashi. Ba kwamfuta, ba na'urar da sai an jona kafin a san ciwo. Ya ce ranar da injin zamani ya ɗauke wuta a tsakanin Dindima da Mainamaji, a hanyar shiga Yankari, to sai dai a nemi motar ja. Ranar da wannan ya ɗauke, a buɗe bonet a yi bisimilla.

A nan ƙanena ya fi shi gaskiya a wani ɓangare, kuma sai da na daɗe kafin na yarda. Makanikan da Baba yake tinƙaho da su suna ƙarewa. A garejin Baba kansa akwai yara bakwai masu koyon aiki, ba ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa kwance kafireto ya mayar shi kaɗai. Golf da Vectra da Sharon da Sienna suka tashi suka gani, su suka kori wagon daga tasha, su ne kuma abincin yaran. Ba laifinsu ba ne. Wa zai ɓata shekara yana koyon motar da take shigowa gareji sau ɗaya a wata? Ƙanena ya ce, “Yaya, Allah ya ja da ran Baba, amma ka yi lissafin shekara goma nan gaba. Wa zai taɓa maka ita?” Baba yana zaune yana ji, bai ce uffan ba.

Kayan gyara ma haka. Wanda ya san Dilimi ya san cewa har yanzu ana samun kayan Fijo, domin J5 da tsofaffin a-kori-kura ba su daina dakon tumatir da kabeji da dankalin Turawa zuwa Farin Gada ba. Amma samun kaya daban, samun na ƙwarai daban. Na taɓa sayen famfon ruwa a wani shago, a cikin kwali mai hoton zaki, bai yi mako uku ba ya fara hawaye. Kwantak na yanzu wani ba ya kai wata biyu. Na asali sai an tona, sai an san wanda ya ɓoye tsohon kaya a bayan shago, kuma in ya fito da shi ya san abin da ya riƙe. Kayan Toyota kuwa, na sabo da na Beljiyam, ko'ina ka juya ga su.

Sai babbar magana, fetur. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Kafin 2024 ta ƙare ta haura naira dubu. Injin 504 mai girman kusan lita biyu ne, an zana shi lokacin da ba wanda yake ƙirga ɗigon mai, kuma kafireto ba ya iya auna mai da iska daidai yadda injekta ke yi. Ga kuma wani abu da ya shafi Jos musamman. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, iskarsa ta fi ta Lafiya ko Lokoja sauƙi. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a irin wannan tsayi. Injekta yana da na'urar da ke jin canjin iska ya rage mai da kansa. Kafireto ba ya ji. In an saita shi a ƙasa aka hau da shi Filato, sai ya riƙa zuba mai fiye da iskar da ke shiga, fulogi ya yi baƙi, salansa ta yi hayaƙi. In an saita shi a Jos aka gangara Akwanga, sai mai ya yi masa kaɗan, injin ya ɗau zafi. Da sanyin Disamba kuma, lokacin da hazo ke kwana a kan duwatsun Shere, sai an ja cok an lallashe shi kafin ya tashi. Duk wannan gaskiya ne, Baba ma bai musa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, mai irin wannan mota dole ya koyi sauraronta.

Ƙanena ya kawo misalin Kyuba, wanda ya gani a talabijin. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba, sababbin motoci da kayan gyaransu suka daina shiga daga can. Motocin Amurka na shekarun 1950 da suka rage su ne har yau suke haya a Havana, kuma da yawansu jikin ne kawai na da, injin dizal na wata mota ne a ciki. Da masu su sun nace sai na asali, da tuni sun zama kwandon shara. Ya ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ya ƙara da wata magana da ta zauna mini a rai. Ya ce in asali nake so, in je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, in kalli kawunan jirgin ƙasan nan ƙanana na layin da ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru, wanda ya yi dakon kuza daga 1914 har aka rufe shi a 1957. Suna nan yadda aka ƙera su, ba wanda ya canza musu ko ƙusa. Ba kuma inda suke zuwa.

Na kusa sallamawa a wannan rana. Abin da ya tsayar da ni shi ne wata wagon da aka jawo garejin bayan kwana kaɗan, irin tawa sak, wadda aka riga aka yi mata abin da ƙanena yake so. Baba ya kira ni ya ce in sunkuya in gani da idona.

A irin wannan Fijo, giyabos da aksul na baya a haɗe suke da wani bututun ƙarfe mai kauri, furofela tana juyawa a cikinsa. Wannan bututun shi yake riƙe aksul a mazauninsa, shi yake karɓar turin tayoyin baya ya miƙa wa jikin mota. Injin wata mota ba ya zama a bakin giyabos ɗin Fijo sai an yi masa farantin haɗi, in kuma aka kawo shi da nasa giyabos ɗin, to sai an yanke bututun an yi dabara. A motar da na leƙa, an yanke, an yi walda, an ƙara wasu ƙarafa biyu don su riƙe aksul. Waldar gefe ɗaya ta tsage. Kujerun injin na hannu ne, an sassaƙa su daga ƙarfen gini. Wayoyin kwamfutar injin an cusa su ta wani rami da aka huda da kurfi, ba roba a bakinsa, gefen ƙarfe yana cin rigar waya a hankali. Mai motar ya ce wata takwas ta yi tana tafiya kamar ruwa. Yanzu da ta tsaya, makanikin Toyota ya ce shi bai san wannan haɗin ba, na Fijo ya ce wannan ba Fijo ba ce. Wanda ya yi aikin kuma ya koma garinsu.

Wannan ne abin da masu cewa a canza inji ba sa faɗa. Motar da aka yi wa dashe ta zama ita kaɗai a duniya. Ba littafin da ya bayyana ta, ba wanda ya san ta sai mutum ɗaya. Ana iya yin aikin da kyau, na san ana yi, amma mai kyan yana bukatar ma'auni da injin yanka da mai walda na gaske da kuɗin da ya kusa sayen wata motar. Abin da aka fi samu a farashin da talaka zai iya shi ne wanda na gani a ƙarƙashin waccan wagon. Ga kuma takardu: lambar inji tana cikin takardun mota, in an canza sai an koma ofishin lasisi an gyara, in ba haka ba kowane shingen bincike ya zama wurin dogon bayani. Garin neman gira a rasa ido ke nan. 'Yan Kyuba da ƙanena ya ambata ba su da zaɓi. Ni ina da shi, tunda injina ya juya da sufana.

Akwai hanya ta uku da ta shigo zancen, wato a bar injin amma a mai da shi mai shan iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya take ta tallatawa tun 2023. Injin kafireto yana karɓar wannan canji cikin sauƙi, kuma gas ya fi fetur araha. Na yi sha'awar abin. Amma tukunyar ƙatuwa ce mai nauyi, kuma ba inda za ta zauna a wagon sai baya, daidai inda nake son shimfiɗa katifa. Gas yana ƙara rage wa inji ƙarfi, a garin da tudu ya riga ya ci rabonsa. Gidajen sayar da shi kuma ba su kama ƙafar na fetur ba, balle a hanyoyin da nake son bi. Wanda zai yi, don Allah ya je wurin da aka amince da su. Iskar ana matsa ta ne da ƙarfin da ya ninka na tukunyar girki sau da yawa, kuma fashewar da aka yi a wani gidan gas a Benin a Oktoban 2024 daga tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba ta taso. Ni dai na ajiye wannan shawara a gefe.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, duk tsawon gardamar nan a kan inji, abin da zai iya kashe mutum ba a inji yake ba. Caccakar da Baba ya yi ranar farko ta huda ƙasan motar a wuri biyu, ƙarƙashin ƙafar direba da gindin kujerar ƙarshe. Robar gilashin gaba ta bushe ta tsage, ruwan Jos kuma ba wasa yake ba, daga Afrilu har Oktoba yana zuba, wani lokaci da ƙanƙara. Shekara shida yana ɗiga ciki, kafet yana shanyewa, ƙarfe yana ruɓewa a ɓoye. Masu Airstream ma abin da ke cinsu ke nan: jikin alminiyam yana ƙyalli a waje, katakon daɓe da ƙarfen da ke ɗauke da shi sun ruɓe a ƙasa. Sabon mai tsohuwar mota idonsa a kan fenti yake, domin shi mutane za su gani. Mai gyaran jiki ya zo ya ce zai shafe ramukan da fila ya fesa fenti, mako ɗaya ta fito kamar amarya. Baba ya ɗauko maganaɗisu ya bi jikin motar da shi, inda ya ƙi kamawa ya zana da alli, ya nuna mini wuraren da aka taɓa yi mata irin wannan rufa-rufa. Ya ce a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe, a canza robobin gilashi da na ƙofa, fenti ya jira ko da shekara ne.

A kan birki kuwa ba a yi gardama ba sam, kuma a nan ne na ga Baba, mai kishin asali, ya fi kowa son sabo. Duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo da mota cike da mutane ya san dalili. Man birki yana shan danshi daga iska. In ya tsufa, aka daɗe ana taka birki a gangara, sai ya yi zafi ya tafasa, ƙafa ta nutse har ƙasa ba abin da ya kama. Wagon kuma birkinta na baya na ganga ne, ya fi na faifai saurin ɗaukar zafi. Muka canza tiyo na roba duka huɗu, da bututan ƙarfe da suka yi tsatsa, da masta, da robobin ciki, muka zubar da tsohon mai. Baba ya ce duk shekara biyu a sake zubarwa, kuma in na zo gangara in sa giya ta biyu in bar inji ya riƙe motar. Taya ma ya hana ni sayen na Beljiyam ko da zanensu bai cinye ba. Ya nuna mini lambobi huɗu da ke gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ya ce roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Wayoyin wuta muka zare su gaba ɗaya, domin shekaru arba'in na ƙulle-ƙullen masu rewaya sun mai da su saƙar gizo-gizo, wani wurin ma an ɗaure fis da zaren waya. Aka ja sababbi, aka sa akwatin fis na zamani. Aka sa bel a kujerun baya, inda yara za su zauna. Ba wanda ya ce wannan ya ɓata asali.

Daga nan ne na fara ganin inda zan tsaya. Duk abin da in ya gaza rai zai iya salwanta, sabo nake so, na yau, mafi kyan da aljihuna zai iya. Duk abin da zai ƙara jin daɗi kuma ana iya kwance shi a mayar da motar yadda take, na yarda da shi. Shi ya sa na karɓi shawarar ƙanena aka cire kwantak aka sa na'urar wuta ta lantarki a cikin distiributa, wadda ba ta cinyewa, amma tsohon kwantak da kwandansa suna cikin leda a aljihun gaba, in ta mutu a hanya minti ashirin ya isa a mayar. Aka wanke lagireto aka ƙara masa fanka ta lantarki, aka daina zuba masa ruwan rijiya zalla, domin kan injin na alminiyam ne, ruwa tsura yana cinsa, zafi kuma yana lanƙwasa shi. A kan rufi aka ɗaura faifan sola ɗaya a jikin kariya, ba tare da huda rufin ba, da batir na biyu a baya wanda ba ruwansa da na tayar da mota, don fitila da cajin waya da ɗan ƙaramin firji. Matata ta ɗinka labule. Injin kuwa aka sauke shi, aka sa sabon silif da fistin da zobe da gaskit, aka mayar da shi mazauninsa.

Ban ce ƙanena ya faɗi ba. Wanda zai yi haya da mota, yana cin kilomita ɗaruruwa kullum, lissafinsa daban ne da nawa, kuma in shi ne, ina ganin gara ma ya bar tsohuwar Fijo ya sayi motar da aka yi don wannan zamani, maimakon ya yanka wannan ya ɗinka. Ni tafiyata sau nawa ce a shekara? Kuɗin da dashen inji mai kyau zai ci, in na zuba shi a tanki, zai kai ni shekaru. Akwai kuma maganar da ya faɗa wadda ba ni da amsarta, kuma ba na son in yi kamar ina da ita. Motar da aka zana a shekarun 1960 ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, jikinta ba a gina shi ya shanye karo yadda na yanzu suke yi ba. Ko wane inji aka sa mata, wannan ba zai canza ba. Abin da ke hannuna shi ne in rage gudu, in daina tafiyar dare, in bar wa masu gaggawa hanya. Na ɗauki wannan a matsayin sharaɗin zama da ita, kuma ranar da na ga ba zan iya kiyaye shi ba, iyalina ba za su shige ta ba.

Maganarsa ta ƙarewar makanikai ita ma tana nan daram. Abin da na iya yi a kai kaɗan ne. Ranar da za a haɗa kafireto na roƙi Baba ya bar ni in zauna, ya kuma kira ƙaramin yaran garejin, wani mai shekara goma sha shida da ya fi sauran tambaya. Ya shimfiɗa farin tsumma a kan benci, ya jera sassan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga wata 'yar ƙusar tagulla mai rami kamar na allura ya ce mu leƙa ta wajen haske. Ya ce ta wannan ramin duk man da motar za ta sha yake bi, kuma kada ya kuskura ya ga wani ya zura masa waya, da iska ake busa shi. Ya sa yaron ya haɗa, ya kwance masa, ya sake sa shi, har sau uku. Ni kuma ina rubutawa a littafi, ina ɗaukar hoto da waya.

Ta tashi ranar wata Asabar da hantsi, bayan an murɗa sau huɗu. Ta yi tari, ta fesa baƙin hayaƙi, sannan ta daidaita. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin injin ya rufe ido, ya sa yaron ya juya sukurun iska kwata, ya ce ya isa. Ƙanena ne ya karɓi makulli, ya ce shi zai fara gwada ta, tunda shi ya riƙe sitiyarinta ranar da ba ta da rai. Muka bi hanyar Bukuru, muka wuce Mararrabar Jama'a, muka miƙe har duwatsun Riyom. A kwanar farko mai rami ya ƙi rage gudu da gangan, motar ta haɗiye ramin ba mu ji komai ba. Ya dube ni ya ce, “Yaya, ƙafafunta dai ba a magana.” Da muka tsaya shan mai a hanyar dawowa, ya zaro biro ya rubuta lambar kilomita da yawan litar a bayan rasit, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce in mun dawo daga Yankari zai kawo wa Baba lissafin.